Akwatin Ruwan da Ya Yi Barci a Kwana na Hamsin

Mu huɗu ne a wannan aiki, idan aka lissafa da Alhajin da ya zuba kuɗi. Ni mai gyaran inbata ne da kayan sola a Garwa, shagona yana ta wajen Yelwa. Akwai ɗan yayata, wanda ya gama makarantar injiniyoyi ta Marwa yana zaman jiran aiki. Akwai kuma wata 'yar maƙwabtanmu da ta karanta ilimin kwamfuta a Jami'ar Ngaundere, tana koyarwa da safe, ta zo shago bayan la'asar. Zan riƙa ce musu yaron da Malama, don haka ake kiransu a shago.

Alhaji ɗan kasuwar albasa ne. Ya haƙa rijiyoyin burtsatse, waɗanda mu nan muke ce wa foraj, a wasu ƙauyuka ta hanyar Pitowa da ta Ngong, sadaka saboda Allah. Abin da ya dame shi shi ne, kowace jarka ana karɓar 'yan kuɗi a kanta don gyara, amma ranar da famfo ya tsaya sai a buɗe asusun kwamitin ruwa a tarar wayam. Ba lallai sata ba ce. Wannan ta ce a rubuta mata bashi, wancan surukin shugaban kwamiti ne, wata kuma tsohuwa ce ba a iya ce mata ta biya. A ƙarshe dai Alhaji ake kira.

Abin da ya nema a baki ba shi da wuya. Akwati a jikin famfo, mace ta zo da jarkarta ta ɗora wani ɗan kati, bawul ya buɗe, akwatin ya ƙirga lita ya cire kuɗi daga katin, da dare ya aiko da lissafin yini zuwa wayar Alhaji da ta shugaban kwamiti. Katin kuwa ana saka masa kuɗi a wurin mai tebur na ƙauyen.

A cikin bututun akwai wata 'yar farfela mai maganaɗisu, ruwa na wucewa tana juyawa tana ba da bugu. Irin ƙaramar da muka fara gwaji da ita tana ba da bugu kusan 450 a lita guda. Jarkar lita 20 ke nan bugu 9,000, kuma ba a son ko ɗaya ya kuɓuce. A daidai wannan lokacin akwatin yana sauraron kati, yana rubutu a ɗan gilashinsa, yana lura da batir, wataƙila kuma modem, na'urar aika saƙo, yana can yana fama da rezo, wato netwok ɗin waya, wanda a ƙauyukan nan sai ya ga dama yake zuwa. Ƙwaƙwalwa ɗaya, ayyuka biyar. Dole wani ya tsaya kamar sarkin tasha, wanda ba ya tuƙi ba ya dako, amma shi ke cewa motar wane ce a layi, wane ya ja baya, wane ya yi lodi yanzu-yanzu don fasinjansa na gaggawa ne. A cikin babbar manhajar da ke tafiyar da kowace na'ura, wannan sarkin tashar shi ake kira kanel. Yaron da Malama, da yake da Faransanci suka yi karatu, nuwayo suke cewa a tsakaninsu. Alhaji kuwa tun ranar farko kunnensa Kanar ya ji, kuma har yau idan ya leƙo shago cewa yake, "Ina labarin Kanar ɗin naku?"

Tambayar da ta raba mu ita ce: mu rubuta namu, ko mu ɗauki wanda ke akwai?

Gardamar shago

Yaron bai zo da hannu wofi ba. Tun yana makaranta ya rubuta ɗan kanel ɗinsa, bai kai layi dubu biyu ba, kuma yana aiki. Ya nuna mini a kan wani ɗan allo shuɗi mai araha, mai ɗauke da cip ɗin STM32F103, fitilu uku kowace tana ƙyaftawa da nata lokacin, babu mai shiga hurumin wata. Ni da na taso da gyaran rediyo, na san ba ƙaramin abu ba ne.

"Kawu," ya ce, "zanen aro ba ya rufe katara." Ya kawo labarin Huawei, yadda a watan Mayun 2019 Amurka ta sa wa kamfanin takunkumi har sababbin wayoyinsa suka rasa manhajojin Google. Ya kawo na Oktoban 2024, da aka cire wasu 'yan Rasha daga jerin masu kula da sassan Linux, shahararren kanel ɗin da kowa ke iya ɗauka kyauta, saboda dokokin takunkumi. Idan an yi wa China da Rasha haka, wane ne ɗan Garwa? Sannan ya jefo wanda ya fi so: Linus Torvalds ɗalibi ne mai shekara 21 a Helsinki lokacin da ya fara Linux a 1991, kuma fitowar farko layi wajen 10,000 ce kacal. "Shi ba mutum ba ne?"

Malama ba ta ɗaga murya idan tana gardama, abin da ke ƙara ƙular da shi ke nan. Ta ce layi 10,000 ɗin nan a kan kwamfuta iri ɗaya tak suke aiki, mai ƙwaƙwalwar 386. Linux na yau ya kai layi miliyan 40, kuma mafi yawansa ba sarkin tashar ba ne, direbobi ne, wato tafintocin da ke tsakanin kanel da kowace irin na'ura: modem, kati, gilashi, ma'adana. Dubban mutane ne suka tara wannan cikin shekara talatin da ɗoriya. Batun 'yan Rasha kuwa, ta ce an cire sunaye daga jerin masu kulawa ne, ba a cire ko layi ɗaya daga kwamfutar kowa ba. Lasisin GPL da Linux ya koma tun 1992 ya ba duk wanda ya riƙe kwafi damar amfani da shi, ya gyara, ya rarraba. "Ga shi nan a cikin kwamfutata. Wa zai zo Garwa ya karɓe?"

Daga nan ta shiga jero masa waɗanda suka bi hanyar da yake so. Mutanen GNU, masu rubuta manhajojin da kowa ke da 'yancin ɗauka ya gyara, sun fara nasu kanel, Hurd, tun 1990, gabanin Linux, kuma har yau bai zama abin da jama'a ke ɗora aikinsu a kai ba. Google da duk dukiyarsa ya fito da Fuchsia mai sabon kanel a 2016, sai a 2021 ya fara shiga wata na'urar gida mai suna Nest Hub, wayoyin Android kuwa, har da Tecno da ke aljihun yaron, suna nan a kan Linux. Huawei ɗin da yake misali da shi, da dubban injiniyoyinsa, sai a 2024 ya fitar da tsarin waya da ya rabu da Linux gaba ɗaya. Apple ma gado ya ci: ya haɗa Mach na Jami'ar Carnegie Mellon da BSD na Berkeley. Ita dai shawararta a sayi ɗan allo mai iya ɗaukar Linux, a rubuta lissafin ruwa a kansa, a gama cikin wata biyu.

A nan yaron ya kama ta, kuma gaskiya ya faɗa. Cip ɗinsa kilobayit 20 ne duk ma'adanar aikinsa, Linux kuwa maganar megabayit ake yi tun kafin ya yi sallama. Allon da zai ɗauke shi ya fi tsada, ya fi shan wuta, kuma idan ya mutu ya taso sai an jira shi, alhali nasa kafin ka ɗauke yatsa daga makunni ya farka. Akwatin da aikinsa buɗe bawul da ƙirga bugu, me zai yi da layi miliyan 40?

Alhaji ya saurare su na kusan awa guda, ya tambayi abu ɗaya: wanne ya fi araha? Aka ce na yaron. Ya dube ni.

Hukuncin da na yanke shi ya jawo mana asarar da za a ji, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Na ce kowa ya gina nasa, a kai na yaron ƙauyuka biyu, na Malama ƙauye ɗaya, gani ya kori ji. A baki adalci ne. A zuciya kuwa kara ce. Ɗan yayata ne, shekara guda yana yawo da takardu, ga abu ɗaya da yake alfahari da shi, ban iya ce masa ya ajiye ba. Abin da ban tsaya na auna ba shi ne, gwajin da nake cewa a yi, a kan ruwan shan mutane za a yi shi.

Na Malama ne ya fara ba da kunya. Allon da muka samu ta hannun wani ɗan kasuwa daga Duwala mai araha ne ƙwarai, amma ba ya tashi sai da Linux ɗin da masu ƙera shi suka haɗo, kuma da ta duba sai ta ga mai lamba 3.4 ne, na shekarar 2012, an yi masa faci iri-iri an watsar. Babu mai kula da shi, babu direban modem ɗinmu a ciki. Ta kwashe makonni tana ɗinki. Da aka kai ƙauye kuma bazara ta kama. Wanda ya san Garwa a watan Maris da Afrilu ya san awon zafi yana haura 40 a inuwa, balle cikin akwatin ƙarfe a rana. Allon ya riƙa yin zafi, yana tsotse batir cikin dare, gab da asuba ya mutu yana tsakiyar rubutu a katin memori, katin ya hargitse, da safe ya ƙi tashi. Sau biyu ana zuwa da babur a sauya kati. Araha ba ta ado, in ji yaron, yana dariya har da riƙe ciki.

Ta gyara, don ba ta da saurin karaya. Ta yi amfani da wani kayan aiki mai suna Buildroot ta tace Linux ɗin ya rage abin da ake bukata kawai, ta kulle ɓangaren manhaja ya zama karantawa kaɗai ake yi ba a rubutu a kansa. Ya daina hargitsewa. Amma sai an ƙara farantin sola da batir, kuɗin akwati ya tashi, kuma ita da kanta ta ce ba ta da natsuwa da kanel ɗin da masu shi suka yi watsi da shi. A nan na fara gane cewa "a ɗauki wanda ke akwai" rabin magana ce. Wanne? A hannun wa yake? Akwai mai share masa ƙura, ko marayan kanel ne?

Na yaron kuwa kamar an yi masa addu'a. Mako bakwai cur babu ko tari. Kullum bayan isha'i saƙo ya shigo wayar Alhaji, lita kaza, sefa kaza, yana nuna wa abokansa a majalisa. Ni ma na fara cewa a raina wataƙila yaron nan ya fi mu gani.

Kwana 49 da awa 17

Bayan sallar asuba shugaban kwamitin ƙauyen farko ya kira. Ruwa ya ƙi zuwa. Tanki cike, batir lafiya, gilashin akwati yana haske da gaisuwarsa, amma an ɗora kati an ɗora, shiru. Yaron ya hau babur. Kafin ya isa rana ta take, jarkoki sun yi layi har bakin masallaci, kuma mutanen gari sun gaji da jira sun kwance bututu ta bayan akwatin sun ɗaura tiyo. Ya cire wayar batir ya mayar, akwatin ya tashi garau kamar ba abin da ya faru. Wata tsohuwa da ke zaune a kan jarkarta ta ce masa, "Ɗana, da can idan famfo ya lalace muna ganin inda ya lalace. Wannan naka ido buɗe yake barci."

Ya dawo ya ce zafi ne, ko ƙura ta shiga. Na yarda, don duk mai gyara ya san cutar da kashewa da kunnawa ke warkarwa, kuma duk mun saba ɗora wa zafi laifi.

Bayan kwana uku na ƙauye na biyu ya yi irin wannan barcin.

Da yammar ranar Malama ta shigo, ta ji labari, ba ta ce komai ba. Ta ciro kalandar da ke rataye a ƙusa, irin wadda masu kantin kayan gini ke rabawa, ta tambaye ni ranar da aka kunna na farko. Na duba littafin shago na faɗa mata. Ta ɗora biro tana ƙirgawa gida-gida, leɓenta na motsi. Ta tambayi ranar na biyu. Kwana uku ne tsakaninsu wajen kunnawa, kwana uku tsakaninsu wajen tsayawa. Ta ajiye biron ta ce wa yaron, "Agogonka bit nawa ne?" Ya buɗe baki zai amsa, sai ya tsaya, ya dafe kai.

Ga abin da ya faru. Kanel ɗinsa yana ƙirga lokaci ne da wata lamba da ke ƙaruwa da ɗaya sau dubu a kowace daƙiƙa. Gurbin da ake ajiye lambar mai bit 32 ne, wato gidaje 32 kowanne na ɗaukar sifili ko ɗaya, ba ya ɗaukar abin da ya wuce 4,294,967,295. Idan ya cika sai ya koma sifili, kamar mitar tsohuwar mota. A gudun dubu a daƙiƙa, cikarsa kwana 49 ne da awa 17. Shi kuwa sarkin tashar da yaron ya rubuta, kafin ya tashi ayyukan da ke jiran lokacinsu, tambaya ɗaya yake yi: lambar yanzu ta fi ta ɗazu? Idan ta fi, lokaci ya matsa, a tashi masu barci. Ranar da lambar ta koma sifili, sifili bai fi biliyan huɗu ba. A wurinsa lokaci ya tsaya. Mai sauraron kati yana barci, mai buɗe bawul yana barci, kowa na jiran a tashe shi.

Akwai agogon gadi a cikin cip ɗin, wanda aka yi domin irin wannan rana: idan manhaja ta daina taɓa shi na ɗan lokaci sai ya sake kunna na'urar da kansa. Yaron ya kunna shi, amma ya ɗora aikin taɓawar a kan bugun agogon nan da bai taɓa tsayawa ba. Mai gadi yana ta jin ana ce masa lafiya lau, gida kuwa kowa ya suma.

Me ya sa ba mu gani a shago ba, alhali akwatin gwaji ya fi wata uku a kan tebur? Saboda a wutar gari yake. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo, mai megawat 72, da aka gama a 1982, kuma idan ruwan Binuwai ya ja baya sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Akwatinmu bai taɓa yin mako biyu a kunne ba tare da an ɗauke wuta ya sake farawa daga sifili ba. Sai da ya je ƙauye, ya samu sola da batir da ba sa yankewa, sannan ya rayu har ya kai ga ajalinsa. Na daɗe ina jinjina wannan: rashin wutar birni ne ya rufa wa cutar asiri.

Don kada yaron ya mutu da kunya, Malama ta ce masa ba shi ne farau ba. Windows 95 da 98 sun yi fama da wannan lissafin na kwana 49.7. A 2015 hukumar jiragen saman Amurka ta ba da umarni kan jirgin Boeing 787, saboda na'urorin kula da janaretocinsa za su iya kashe wuta idan suka yi kwana 248 a kunne ba a sake tayar da su ba. Sannan ta buɗe masa kod ɗin Linux ta nuna masa wani wuri. Da gangan ake fara ƙirgar agogonsa saura minti biyar ya cika, domin duk direban da bai iya da komawa sifili ba ya faɗi tun a teburin mai rubuta shi. Ta buɗe FreeRTOS, wani ƙaramin kanel da aka yi domin irin cip ɗinsa, ta nuna masa jerin masu barci guda biyu, ɗaya na kafin cikar agogo ɗaya na bayanta, ana musanya su idan lambar ta juya. Ni da nake leƙe ta bayansu, abin da na gani tabo ne. Kowane irin wannan layi, akwai wanda abin ya taɓa cizo a wani wuri, wata shekara, ya zo ya toshe ramin. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma a ganina wannan tarin tabon shi ne abin da mutum ke ɗauka idan ya ɗauki tsohon kanel.

Yaron ya gyara nasa cikin minti goma. Layi ɗaya ne: maimakon a kwatanta lambobin biyu kai tsaye, a debe ɗaya daga ɗaya a duba tazarar. "To shi ke nan, Kawu, an wuce wurin."

"Wannan mun gan shi," in ji Malama. "Saura nawa?"

Ta tambaye shi: idan aikin modem, wanda ba shi da muhimmanci, ya riƙe mabuɗin ma'adana yana rubutu, aikin cire kuɗi mai muhimmanci ya zo yana jiran mabuɗin, sai aikin gilashi mai matsakaicin matsayi ya shigo ya hana na modem sakat ya gama, me zai faru? Babba ya zauna jiran ƙarami, ƙarami kuma na tsakiya ya danne shi. Wannan ne ya sa na'urar Pathfinder da Amurka ta saukar a duniyar Mars a 1997 ta riƙa sake kunna kanta, sai daga nan ƙasa aka aika mata gyara. Maganinsa sananne ne, a ara wa ƙaramin matsayin babban har ya saki mabuɗin, kuma FreeRTOS yana da shi. Yaron ya duba nasa. Babu. Ta ƙara masa da seL4, kanel ɗin da masu bincike a Ostareliya suka tabbatar da ingancinsa ta hanyar lissafi a 2009: kod ɗin bai kai layi 10,000 ba, hujjar kuwa ta kai layi wajen 200,000, aikin da idan mutum ɗaya ne zai ci masa shekara ashirin. Rubuta ƙaramin kanel aikin watanni ne, ta ce, sanin cewa ba zai ci amanarka ba shi ne mai tsadar.

Amma ba ita ta kashe maganar ba. Alhaji ne, wanda bai fahimci ko rabin abin da ake faɗa ba. Ya zo washegari ransa a ɓace, don shugaban kwamitin ya yi masa magana mai zafi. Ya zauna a benci, ya ce wa yaron, "Na ji kana neman aiki a Duwala da Njamena. Allah ya ba ka. Ranar da ka samu, wa zai duba mini Kanar ɗin nan?" Yaron ya ce zai rubuta bayani. Alhaji ya ce, "Na wancan ɗin fa, mutum nawa suka san shi?" Malama ta ce duk inda ake koyar da irin wannan aiki za a samu wanda ya taɓa FreeRTOS, kuma akwai littattafai da darussa har da Faransanci. Alhaji ya ce shi bai taɓa sayen motar da bakanike ɗaya ne a duniya ya san injinta ba.

Ya yi tambaya ta biyu, irin ta ɗan kasuwa: masu shi ba za su zo wata rana su ce a biya ba? Aka yi masa bayani cewa wani Bature mai suna Richard Barry ne ya fara FreeRTOS a 2003, a 2017 kulawarsa ta koma hannun Amazon, aka sake shi da lasisin MIT, wanda ya yarda ka saka shi cikin kayan sayarwa ba ka biya ba, ba kuma dole ka buɗe naka kod ɗin ba. Da Linux ne a cikin akwatin, duk gyaran da muka yi wa kanel ɗin kansa wajibi ne mu ba wanda ya karɓi akwatin idan ya nema, ko da yake lissafin ruwan da ke zaune a samansa namu ne. Wannan bambancin ya yi wa Alhaji daɗi fiye da yadda ya kamata, don ban ga wanda ke layin satar sirrinmu ba.

Ni ma na kawo tawa, ta tsofaffi: a yi ba kanel ɗin sam, manhaja ɗaya ta riƙa zagayawa tana duba kati, ta duba bawul, ta duba batir, ta dawo. Na'urori da yawa haka suke, kuma suna shekaru. Dukansu biyu suka ce zai yiwu, amma modem da ke iya shafe daƙiƙa talatin yana jiran rezo zai sa a yayyanka kowane aiki gunduwa-gunduwa, wanda zai gaji kod ɗin kuma ya sha wuya. Karon farko ke nan da suka haɗu a kan magana ɗaya, sai na janye. Sun duba Zephyr na Gidauniyar Linux, wanda ya fito a 2016, suka bar shi don kayan haɗa shi suna da nauyin saukewa kuma babu wanda ya taɓa aiki da shi a cikinsu. Zuciyar FreeRTOS kuwa fayil uku ce, yaron ya karance ta cikin dare biyu.

Abin da aka tsayar: cip ɗin yaron ya zauna, kanel ɗinsa ya fita, FreeRTOS ya shiga. Allon Malama ya fita daga akwati gaba ɗaya. Linux ya koma inda ya dace da shi, wata tsohuwar kwamfuta a shago mai ɗauke da Debian, wani tsari da aka gina a kan Linux, tana karɓar saƙonnin dare tana tara lissafi. Kowa ya rasa rabin abin da ya zo da shi.

Sauyin bai fi mako biyu ba, kuma a nan nake saɓa wa Malama, wadda har yau take cewa watannin da yaron ya yi a kan nasa ɓarna ce. Da bai taɓa rubuta sarkin tasha da hannunsa ba, da bai karanta na wani cikin dare biyu ya gane kowane lungu ba. Yaron ne ya sa agogon ya riƙa farawa gab da cika, irin dabarar Linux. Shi ya mayar da agogon gadi sai kowane aiki ya amsa sunansa kafin a taɓa shi. Ɓarnar da na yarda da ita tawa ce, da na kai abin makaranta bakin rijiyar mutane.

Bayan nan ne muka ga inda aikin gaske yake, wanda babu wani a Helsinki ko Amurka da zai yi mana. Yashi yana cushe farfela ƙirga ta ragu, sai an sa mata rariya. Jarkar da ake ce wa ta lita 20, idan ta sha rana ta kumbura, tana ɗaukar fiye da haka, mai ita kuma cika take so. Kishiyoyi biyu da kati ɗaya, kowace na cewa ɗayar ce ta cinye kuɗin. Kati ya faɗa rijiya, kuɗin ciki fa? Wuta ta yanke ana tsakiyar cire kuɗi, sai an ajiye lissafin a wuri biyu don kada ya tafi. Rubutun gilashi da Faransanci aka fara, aka koma Fulatanci da Hausa, a ƙarshe aka gane fitila kore da ja sun fi duka. Waɗannan suka ci mana damina ɗungurungum.

Ƙauye na biyu sun karɓi akwatin da aka gyara ba gardama. Na farko sai da kaka, bayan Alhaji ya je da kansa, kuma sharaɗinsu shi ne a bar musu famfon hannu ta gefe da mabuɗi a wurin liman. An bar musu. Kanel ɗin yaron yana nan bai mutu ba, shi ke kunna injin ban ruwa a lambun mahaifiyarsa a bakin Binuwai, ya wuce kwana hamsin har sau uku.

Abin da ya rage mana yanzu shi ne sabunta manhaja. Duk gyaran da aka yi sai an hau babur an je da kwamfuta, kuma da damina akwai hanyar da babur ma ba ya bi. Ana so akwatin ya riƙa karɓar sabuwar manhaja ta rezo, ya duba ta, idan ta zo a gurguje ya koma tsohuwar. Wannan yana bukatar cip mai faɗin ma'adana da wata 'yar manhaja da ke tashi kafin kanel. Akwai wadda ake amfani da ita, MCUboot, Malama ta riga ta sauke. Shekaranjiya yaron ya shigo da takarda cike da zane, ya ja kujera kusa da ni. "Kawu, wannan ɗan mitsitsi ne, ba kamar wancan ba. Mako ɗaya na rubuta mana namu." Malama tana duba takardun ɗalibanta, ba ta ɗago kai ba. Ta miƙa hannu ta ciro kalandar daga ƙusa ta ajiye masa a kan zanen.